Jinin Akuya a Rigar Yayana

Yayana ya yi shekara shida da wata huɗu a gidan yari saboda akuyar da ba tasa ba. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni. In ya yi dariya sai in bar shi ya gama, don ni ma da a bakin wani na ji, da na dara.

Kabu-kabu yake yi a Tsafe, yana ɗaukar mutane a babur daga bakin tasha zuwa ƙauyukan kewaye. Ranar da abin ya faru, da hantsi ya ɗauki wani mai sayen hatsi, ya sauke shi a mararrabar wani ƙauye, ya juyo. A kan titin Funtua ya tarar babbar mota ta buge akuya ta yi gaba. Tana kwance a gefen kwalta tana shure-shure, ba kowa a kusa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ake yi. Ba a barin dabba ta mutu mushe in da hali. Ko ta wace ce sai ka yanka, mai ita ya zo ya tarar da nama, asarar ta ragu. Yaya ya kafe babur, ya ciro 'yar wuƙar da ke cikin jakar kayan gyaransa, ya fuskantar da akuyar gabas, ya yi bismilla. Jini ya yi tsartuwa ya ɓata masa gaban riga. Ya ja ta gindin wata bishiya, ya goge wuƙar a jikin rigar tunda ta riga ta ɓaci, ya hau babur.

Ko gida bai zo ya sake riga ba. Wannan ne abin da har yau nake jin kamar in rufe shi da duka a kai. Bakin tasha ya koma ya ci gaba da jiran fasinja, wai ranar kasuwa ce, kada a cinye masa layi. Da la'asar aka tsinci mai sayen hatsin nan a cikin gonar dawa, an soke shi. Duk 'yan tasha sun ga wanda ya ɗauke shi, kuma duk sun ga jini a rigar wanda ya ɗauke shi.

'Yan sanda suka zo suka kama shi. Ya ce musu jinin akuya ne. Suka ce ina akuyar? Aka je gindin bishiya, ba akuya, ba dalilinta.

Ina aji biyar na sakandare a lokacin. Ni da Baba muka bi gidajen da ke kusa da wurin, shi yana sallama da maza a ƙofar gida, ni ina shiga wajen mata. Ba wanda ya ga akuya. Ba wanda akuyarsa ta ɓata. A gida na uku na hangi fata a shanye bisa danga, ɗanya shar, ƙudaje na binta. Na ce wa matar gidan, wannan fa? Ta ce ta layya ce. Ko azumi ba a kama ba. Na fito na faɗa wa Baba, ya shiga tsakanina da ƙofar ya ce mu tafi. Ya ce mutanen nan tsoro suke ji, wanda ya ce ya ɗauki akuyar gobe shi za a kira ɓarawo, jibi a kira shi kotu. Na ce to ai gara a kira shi ɓarawon akuya da a kira Yaya mai kisan kai. Ya ce in rufe masa baki. Na rufe, amma ban yafe wa matar nan ba, kuma ba na jin zan yafe.

Shekara biyu ana kai shi kotu ana dawo da shi, sannan aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Rigar da wuƙar su ne manyan shaidu. An ɗaga rigar a gaban alƙali, kowa ya ga jini. Ba wanda ya tambaya jinin mene ne.

Duk mako biyu nake shiga mota zuwa Gusau in kai masa abinci. Dole in tashi da hantsi in dawo kafin la'asar ta yi sanyi, don hanyar ba kullum take da lafiya ba. Abin da ba ya lalacewa ake kai wa ɗaurarre: garin kwaki, yaji, sai ƙuli-ƙuli, wanda Inna ke yi da hannunta daga gyaɗar gonarmu.

A shekara ta uku Baba ya kwanta. Ya rame kamar kara, cikinsa kuma ya yi ta kumbura, farin idonsa ya koma rawaya. Maƙwabta suka ce baƙin cikin ɗa ne, wasu suka ce sammu. Mun sha jiƙe-jiƙe kafin mu kai shi asibiti a Gusau, inda aka ce ciwon daji ne ya cinye hanta, kuma mun makara. Kwana goma sha ɗaya muka yi a can ya cika.

Kwana biyu kafin rasuwarsa ina wanke kwanuka a bakin famfo, wata nas, babbar mace mai tabarau, ta tsaya a kaina.

"Ke ce 'yar mai gadon ƙarshe? Me kuke nomawa?"

"Dawa da gyaɗa, Sista."

"Mai kyan kuna kai kasuwa, ko?"

Na ce eh.

"Wadda ta yi baƙi, da wadda ta motse, da wadda ruwa ya taɓa a rumbu fa?"

"Ita ake soyawa a matse mai, a yi ƙuli na gida."

Ta gyaɗa kai kamar ta ji wannan amsar sau ɗari. Ta ce ba za ta ce gyaɗa kaɗai ta kwantar da Baba ba, don akwai ƙwayar cutar hanta a jininsa, ta daɗe a ciki bai sani ba. Amma funfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba guba ce ga hanta, kuma suya ba ta kashe gubar. In mai ƙwayar cutar ya shekara da shekaru yana cin irin wannan, to wuta ce ta samu busasshiyar ciyawa. Ta ce duk 'yan gidanmu mu zo a gwada jininmu.

Ni da Inna aka gwada, ba mu da ita. Saura mutum ɗaya, shi kuma ba a fito da shi don gwajin da ƙanwarsa ta ga dama. A cikin motar da ta dawo da mu Tsafe na zauna ina lissafin ledojin ƙulin da na kai masa da hannuna. Shekara uku, duk mako biyu. Har ɗanɗanawa nake yi a gaban gandiroba kafin a karɓa, don a tabbatar ban sa guba ba.

Daga ranar na zama fitina a gidanmu. Na zubar da sauran gyaɗar da ke rumbu, Inna tana kuka tana cewa almubazzaranci ne. Na hana a zuba ta wa kaji ma. Na ce daga yau ba ƙwaya ɗaya da za ta shiga turmi ban gan ta da idona ba. Na ƙara busasshen zogale da kuka a kayan Yaya, na rage maggi a yajinsa, duk abin da nas ɗin ta ambata da wanda na ƙara da kaina. Abu ɗaya ne a raina: kada ya mutu a ciki kafin gaskiya ta fito. Ta ina za ta fito, ban sani ba.

Da yake ba mai yi mana noma, bayan kaka Kawu, ƙanen Inna da ke Furfuri ta Bunguɗu, ya aiko in je in ɗauki buhun gyaɗa ɓararriya, gudummawarsa ga ɗaurarre. Na je. Maimakon in yi godiya in ɗora a babur, sai na roƙi tabarma na zazzage buhun a tsakar gidansu, na zauna da faifai biyu. Matar Kawu ta fito daga madafa ta riƙe ƙugu.

"Ke wagga ɗiya, mi kike nema ciki? Zinari?"

"Ruɓaɓɓiya nake fitarwa."

"A kyauta? An ba ka akuya kana duba haƙoranta?"

"Kada ki yi mini zancen akuya, don Allah."

Kawu yana alwala a gefe, dariya ta ƙwace masa har ya shaƙe da ruwa. Matarsa ba ta dara ba. Ta ce su da suke cin gyaɗar nan tun kafin a haifi uwata ga su nan da ransu. Na ce Baba ma haka yake cewa. Na san na wuce gona da iri, amma ban janye ba, na ci gaba da tsinta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ware. Da zan tafi ta tattara wadda na ware a ƙwarya ta nufi ɗaki da ita. Na bi ta na karɓe ƙwaryar, na je na juye a masai. Shekara guda ba ta amsa gaisuwata ba.

Yaya kuwa abin dariya ya mayar da shi. Ta bayan ragar ƙarfe muke magana, mutane na ta hayaniya a kowane gefe, ga gandiroba yana duba agogo.

"Auta, wa ke yin ƙulin nan yanzu? Ba ya da ɗan ɗacin nan mai daɗi."

"Ɗacin ne ya kashe Baba. Matso da fuskarka."

"Kin fara ko?"

"Ja fatar idonka ƙasa in gani."

"Likita bokan Turai. Jama'a ku zo ga likita kyauta."

Ya ja, na leƙa. Fari ne, ko kuwa hasken wurin ne ya sa na ga fari, ban taɓa tabbatarwa ba. Duk zuwa sai na duba, duk komawa sai na yi ta saƙe-saƙe a mota har Tsafe.

Wata ranar Alhamis bayan azahar ina tsintar gyaɗa, rediyon Baba na gefena, aka sa wani shiri a kan mutanen da aka ɗaure bisa kuskure a wata ƙasar waje. Wani ya shiga da baƙin gashi ya fito da furfura. Abin da ya fitar da shi gwajin ƙwayar halitta ne, wanda ake kira DNA. An ɗauko tsohon tufafin da aka ajiye tun lokacin shari'a, aka gwada jinin da ke jiki, aka ga ba abin da ya haɗa shi da mutumin. Mun karanta abin a makaranta, na ma zana shi a jarrabawa kamar igiya biyu da aka tufka, amma ban taɓa kawo wa raina zai yi wa wani ɗan Tsafe amfani ba. Na miƙe tsaye, faifan ya kife. Inna ta leƙo ta ce kunama ce? Na ce riga. Ina rigar Yaya?

Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Tudun Wada ta Gusau, ita ta haɗa ni da wata lauya da ke unguwarsu, wadda ke aiki da masu taimaka wa ɗaurarru kyauta. Siririya ce, ba ta da yawan fara'a, ofishinta ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara. Na zayyana mata komai ban tsaya numfashi ba. Ta bar ni na gama.

"Rigar tana nan?"

"Ai ke na zo tambaya, Barista."

"To ki saurara. Ba kamar rediyo ba ne. Lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, sai mun roƙi kotu ta ba mu dama. In ta ba mu, sai mun roƙi ta yarda a kawo sabuwar shaida. Sai an samu rigar a siton kotu da lambarta a jiki, ba a musanya ba, ba a wanke ba, ɓera bai ci ba. Sannan a kai ta Legas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya kashe maganar."

"Wata nawa?"

"Ki ce shekara nawa."

Sai ta ƙara wata magana da ta hana ni cin abinci ranar. Ta ce don a bambance jinin mutum da na dabba, ba sai an kai ga wannan babban gwajin ba ma. Ƙaramin gwaji ya isa, da wani ya nema tun farko. Na ce wane ne wanin? Ta ce lauyan da aka ba shi, ko mai gabatar da ƙara, ko alƙali, ko ku. Na ce mu ina muka sani? Ta ce shi ya sa ban ce laifinku ba ne.

Da na faɗa wa Yaya, bai yi murna ba. Ya ce kada in faɗa wa Inna sai abin ya tabbata. Na ce ta riga ta sani. Ya ce, "Bakinki ba ya da marfi, Auta." Ya ce shi ya riga ya koya wa zuciyarsa zama, yanzu na zo na tayar da ita tsaye, in abin ya rushe ni zan koma gida in kwanta, shi kuma a nan zai kwana.

Wata biyar aka yi kafin a samu rigar. Barista ta je sito sau huɗu, yau mai makulli ya tafi jana'iza, gobe an ce a dawo. A na biyar aka zaro ta daga ƙasan wani buhu, a cikin leda, takardar lamba na manne. Ta kira ni ta ce an samu, jinin ya koma baƙi kamar tsatsa amma yana nan. Na faɗa wa Inna. Ta yi hamdala, sannan ta ce, "Shekara huɗu da najasa a jiki. Da sun ba ni ita tun ran nan, ai da na wanke mishi tas." Na kalli hannuwanta, na tuna abin da Barista ta ce in an wanke rigar. Ranar da aka kama shi ta bi 'yan sanda har ofis tana roƙon a ba ta rigar ta kawo masa wata, suka kore ta. Shekara huɗu ina tsine wa wanda ya kore ta.

Daga nan sai jira. Ban iya jira ba, ban taɓa iyawa ba. Ƙawayena suka yi ta cike takardun shiga kwaleji, ni na kasa zama in cike ko ɗaya. Na koyi ɗinki na bari. Ina fara shara sai in tsinci kaina a ƙofar gida da tsintsiya a hannu ina kallon titi. Na dami Barista da kira har ta ce in na sake kiranta kafin Litinin za ta toshe lambata. Na kira ta ran Lahadi da wayar Inna. A wani zuwa na tarar Yaya ya rame, ya ce zazzaɓi ya yi. Na ce cikinka fa, ɗaga riga. Ya ce a gaban mutane? Na ce ɗaga. Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Mako biyun nan ban san me na ci ba.

Sakamakon ya zo a takarda shafi biyu da Turancin da rabinsa ban gane ba. Barista ta sa yatsa a kan layi ɗaya ta ce in karanta da kaina. Babu jinin ɗan Adam a rigar, babu a wuƙar. Na akuya ne. Na karanta sau uku. Ban yi kuka ba, haushi ne ya turnuƙe ni, don wannan ita ce maganar da ya faɗa da bakinsa tun ranar farko, kyauta, ba wanda ya ji, sai da wata na'ura a Legas ta maimaita. Duk da haka sai da aka ƙara wata bakwai ana ɗage zama kafin alƙalai uku su soke hukuncin.

Ranar da aka sake shi ni kaɗai na je, Inna ƙafarta ba ta bari. Ya fito da leda ɗaya a hannu, yana ƙifta ido, yana tafiya a gefen bango kamar mai jiran a ce masa tsaya. Na karɓi ledar, na tare mai keke, na ce asibiti.

"Wane asibiti?"

"A gwada jininka. Minti talatin ne. Sannan mu je tasha."

"Auta, tasha za mu."

"Yaya, mun riga mun zo Gusau, in muka koma Tsafe na san ba za ka—"

"Shekara shida," ya ce, bai ɗaga murya ba, "ana gaya mini inda zan tafi da lokacin da zan tashi. Yau ɗaya ki bar ni in faɗa wa mai keke da bakina."

Mai keken ya juyo yana kallonmu. Bakina cike yake da magana, na haɗiye ta da ƙyar. Yaya ya sunkuya ya ce, "Malam, tashar Tsafe."

Mako uku na yi ban tayar da zancen ba, Allah ne shaida irin wuyar da na sha. Mutane na ta zuwa barka, har da waɗanda suka tsaya a kotu suka ce sun ga jini. Shi yana gaisawa da su, ni ina shigewa ɗaki. Ina dai kallon abin da yake ci da yawan abin da ya rage a kwano.

Wata ranar Talata ya fita da safe bai ce ga inda za shi ba. Azahar ta yi, la'asar ta kawo jiki, na leƙa titi ya fi sau goma. Can sai ga shi ya shigo, ya jefo mini takarda a cinya ya wuce randa. Shi kaɗai ya je Gusau. Yana da ƙwayar cutar, irin ta Baba. An yi hoton hantar, likita ya ce ba ta taɓu ba tukuna, ya kiyaye abin da yake ci, ya guji jiƙe-jiƙe, ya dawo duk bayan wata shida a sake dubawa.

"Duk wata shida har yaushe?" na ce.

Ya sauke moɗa daga bakinsa. "Bai ce ba."

"Ba ka tambaya ba dai."

"Ke ki raka ni na gaba ki tambaye shi. Amma ki bari ya gama magana kafin ki fara."